Wasiƙar da kowa ya karanta banda mai ita: rigimar Bishop Agustin da Malam Jerom

Agustin da Jerom ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, ko sau ɗaya. Agustin yana Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a gaɓar tekun Aljeriya, Jerom kuma yana Baitalami a Falasɗinu, duk abin da ya shiga tsakaninsu na faɗa da na shiri cikin kusan shekara 25 takarda ce ta kai ta kawo. Wasiƙun suna nan har yau, kuma yawanci in an zo ba da labarinsu sai a ce ai Jerom tsoho ne mai zafin kai shi kuma Agustin bawan Allah mai haƙuri, shi kenan a wuce. Ni dai ban yarda labarin ya tsaya nan ba. Zafin kan Jerom gaskiya ne, ba mai musu, amma abin da ya rura wutar shi ne a zamanin nan wasiƙar babban malami ba sirri ba ce, kwafarta ake yi ana rabawa, don haka kowannensu yana rubutu ne da ido ɗaya kan abokinsa, ɗayan idon kuma kan jama'ar da za su karanta.

Bari mu fara da su waye su. An haifi Jerom wajajen 347 a wani gari Sitiridon ta yankin Dalmatiya, ya yi karatu a Roma a hannun Donatus, fitaccen malamin nahawun Latin na lokacin, ya sha littattafan Sisero da Birjil, manyan marubutan Romawa, har shi da kansa ya ba da labarin wani mafarki da ya yi, wai an gurfanar da shi gaban shari'a aka ce masa ƙarya kake, kai mutumin Sisero ne ba na Almasihu ba. Ya iya Latin, ya iya Girkanci, ya kuma zage ya koyi Ibrananci, abin da kusan babu wani Kirista na yamma da ya damu da shi a lokacin. Daga 382 ya yi wa Fafaroma Damasus aikin sakatare, shi ne ma ya sa shi gyara fassarar Linjila ta Latin. Da Damasus ya rasu zaman Roma ya gagare shi saboda maƙiyan da bakinsa ya tara masa, ya fita a 385, a 386 ya zauna a Baitalami, wata attajira gwauruwa mai suna Faula ita ta ɗau nauyin gina gidajen ibadar da suka zauna. Firist ne kawai, wato limamin coci da ke ƙasa da bishop, bai taɓa riƙe wata ikilisiya ba, aikinsa karatu da rubutu.

Agustin kuma an haife shi a 354 a Tagaste, Suk Ahras ta yau, wato ɗan Afirka ne, malamin koyar da fasahar magana ne kafin ya tuba, ya yi shekara tara yana bin addinin Mani. Ibrananci ko alif bai sani ba, Girkanci ma shi ya faɗa da bakinsa cewa ya tsane shi a makaranta. Ya zama firist a Hippo a 391, ba a daɗe ba ya zama bishop, kuma bishop a Afirka ta lokacin ba hutu, ga wa'azi ga shari'ar gado da ta gona ga 'yan ɗariƙar Donatus, wani Donatus ɗin daban, da suka raba cocin Afirka gida biyu suna jira ka yi kuskure su kwashe maka mutane.

Wasiƙar farko ya rubuta ta wajajen 394 zuwa 395, yana firist tukuna, bayan amininsa Alifiyus ya je Baitalami ya ga Jerom ya dawo da labari. Saurayin malami yana rubuta wa wanda duniya ta sani karo na farko, kai ka ce zai tsaya kan gaisuwa da neman albarka, ina, sai ya shigo da gyara har biyu.

Na farko kan fassara. Tsohon Alkawarin da ake karantawa a cocin Latin a lokacin fassarar fassara ne, an juyo shi daga Girkancin da ake kira Sabtuwajinta, wanda Yahudawan Iskandariya suka fara tun ƙarni na uku kafin haihuwar Almasihu, kuma jama'a sun ɗauka masu fassarar nan saba'in Ruhun Allah ne ya bi da su. Jerom daga wajajen 390 ya ce shi zai koma tushe, zai fassara kai tsaye daga Ibrananci. Agustin ya ce masa don Allah ya bar wannan, ya ci gaba da gyaran na Girkanci yana sa alamomi kamar yadda ya yi wa littafin Ayuba, ya ƙara da cewa zai yi mamaki in akwai sauran abin da ya kuɓuce wa duk masu fassarar da suka gabata.

Na biyu shi ne babba. A wasiƙar manzo Bulus zuwa ga Galatiyawa sura 2, Bulus ya ce da manzo Bitrus ya zo Antakiya ya tsaya masa fuska da fuska ya tsawata masa gaban kowa, don da Bitrus yana cin abinci tare da Kiristocin da ba Yahudawa ba, amma da wasu suka zo daga wajen Yakubu sai ya janye jiki. Wannan aya ta daɗe tana damun malamai, domin wani masanin falsafa mai suna Forfiri, wanda ya rubuta littafi 15 yana sukar Kiristanci, ya riƙe ta yana cewa ku ga manyanku, ɗaya ya yi kuskure ɗayan kuma mara kunya. Jerom a sharhinsa ya bi bayanin Orijen, wani babban malamin Kirista na Iskandariya, cewa faɗan nan shiri ne, manzannin biyu sun san abin da suke yi, Bulus ya yi kamar yana faɗa Bitrus ya yi kamar ya karɓa don kowane ɓangare na jama'a ya ɗau darasi. Agustin ya ce a'a, wannan ƙofa in aka buɗe ta ba mai iya rufewa. In har aka yarda akwai ƙarya ɗaya ta maslaha a cikin Littafi, to gobe duk wanda aya ta yi wa nauyi sai ya ce ai ita ma marubucin ya faɗe ta ne don maslaha, ya ma kawo misali da masu hana aure, ya ce za su ce abin da Bulus ya faɗa na halaccin aure lallashi ne kawai. Mutumin da ya yi shekaru cikin mabiya Mani yana jin yadda suke tsinke ayoyin da ba su so, ya san abin da yake tsoro. A daidai wannan lokacin ne ma ya rubuta ɗan littafinsa kan ƙarya.

To wasiƙar ba ta je ba. Ya ba wani Furofuturus ya kai, kafin mutumin ya kama hanya aka naɗa shi bishop na Sirta, garin Kusantina na yau, bai daɗe ba ya rasu. Lokacin ba gidan waya na talaka, sai ka sami matafiyi, jiragen ruwa kuma da hunturu ba sa tashi, amsa ɗaya sai ta ci shekara ba abin mamaki ba ne.

Da ya ji shiru, wajajen 397 yana bishop ya sake rubutawa, ya maimaita zancen Galatiyawa, a nan ne ya saki maganar da ta jawo masa. Ya ce wa Jerom ya rera waƙar janye magana, irin wadda mawaƙin Girkawa Sitesikorus ya yi, wanda labari ya ce ya makance saboda ya zagi Helen a waƙa sai da ya sake wata yana yabonta idonsa ya buɗe. Shi a ganinsa wasa ne na masu ilimi, irin na ka ga ni ma na yi karatun. Amma ka duba ta ɗaya gefen, kana ce wa dattijon da ya girme ka a shekaru da karatu ya fito ya ce na tuba, har da gugar zanar makanta. Wanda aka ba wannan wasiƙar, wani Bulus, ba manzon ba, tsoron teku ya kama shi bai tsallaka ba, takardar kuwa maimakon ta dawo hannun mai ita sai aka shiga kwafarta a Roma da sauran Italiya. Kamar dai ka yi wa mutum saƙon murya na gyara kayanka, shi bai samu ba amma duk guruf-guruf na WhatsApp an saurara, har ana tambayarsa wai me ya sa ka kasa ba shi amsa. Kuma Roma ce fa, inda maƙiyan Jerom suke jibge, a daidai lokacin da yake tsakiyar yaƙi da tsohon abokinsa Rufinus kan littattafan Orijen.

Wani dikin, wato mai hidima a coci ƙasa da firist, mai suna Sisiniyus shi ya kawo wa Jerom kwafi, ya ce ya tsince ta ne a wani tsibiri na tekun Adiriyatik cikin rubuce-rubucen Agustin. Labari ya koma Hippo cewa tsoho ya fusata, wai an ce masa Agustin ya rubuta littafi a kansa ya aika Roma. Nan ne Agustin ya yi abin da ni ban ji daɗinsa ba. Wajajen 402 ya rubuta gajeriyar wasiƙa yana kiran Allah shaida cewa shi bai rubuta wani littafi a kan Jerom ya aika Roma ba. Gaskiya ya faɗa in ana bin harafi, wasiƙa ce ba littafi ba kuma ba shi ya aika ta can ba, amma wannan ai ba cinya ba ƙafar baya ne. Doguwar takarda ce mai hujjoji tana yawo da sunansa, kuma ko da bai san hanyar da ta bi ba ya san ya taɓa rubuta wa mutumin nan suka, da sai ya ambata. Daga mutumin da ke koyar da cewa babu ƙarya ko ta maslaha, wannan rantsuwar ta yi sirara da yawa, kuma Jerom ya gano hakan.

Amsar Jerom ta farko gajeriya ce amma duk ƙaya. Ya ce salon rubutun ya yi kama da naka amma ba zan yi saurin gaskata kwafi ba, in taka ce ka faɗa fili ko ka aiko da sahihiya. Ya ce Faula na kwance ba lafiya, hankalinsa na can. Sannan ya ce neman suna ta hanyar sukar manya aikin yara ne, ya tuna masa damben da ke cikin waƙar Birjil inda tsoho Entelus ya lallasa saurayi Dares, ya ƙara da karin maganarsu na Latin cewa gajiyayyen sa shi ya fi kafa ƙafa da ƙarfi. A ta biyu, ya fi buɗe wuta. Ya ce abokansa a Urushalima suna gaya masa ba da zuciya ɗaya Agustin ya yi ba, so yake ya yi suna a kansa, ya kira wasiƙar takobi da aka shafa wa zuma, ya ce ka daina tsokanar tsohon da ya ɓuya a ɗakinsa, in gwada ilimi kake so ga samari nan masu baki a Roma. Har ya ce shi bai ma karanta littattafan Agustin sosai ba sai kaɗan, cikinsu da wasu sharhohin Zabura, waɗanda in ya ga dama zai nuna inda suka saɓa wa malaman Girka. Amma duk da haka a rufewa yana kiransa ɗana a shekaru, ubana a muƙami. Haka suke yi, sama da ƙasan takarda ladabi, tsakiya duka.

Kafin waɗannan su gama isa Hippo, Agustin ya riga ya aika wata a 403 ta hannun dikin Sifiriyan, ya haɗa da kwafin tsofaffin, kuma a cikinta ne ya ba da labarin da ya fi komai nuna inda suka bambanta. A garin Oya, wato Tarabulus ta Libiya, garin nan da ayarin Kano suka riƙa zuwa daga baya, wani bishop ya sa aka fara karanta sabuwar fassarar Jerom a coci. Ana cikin karatun littafin Yunana, Annabi Yunusa, aka zo wajen tsiron da Allah ya fitar ya yi masa inuwa, sai jama'a suka ji sunan da ba shi suka saba ji tun kakanni ba. Coci ya kaure, musamman Girkawan cikinsu suka ce an yi ha'inci a Littafi. Bishop ya rasa ta cewa, ya je ya tambayi Yahudawan garin, su kuma suka ce abin da ke cikin Ibrananci shi ne dai wanda ke cikin tsohon karatun. Dole ya goge ya mayar da na da, don kamar yadda Agustin ya faɗa, bai so ya wayi gari ba shi da jama'a.

Hujjar Agustin a nan ta mai riƙe da mutane ce, kuma ba ta wauta ba ce. Ya ce in fassara daga Girkanci take, wani ya yi musu, sai a ɗauko littafin Girkanci a duba, masu jin yaren suna ko'ina. In daga Ibrananci take fa, wa zai raba gardama? Sai a je wajen Yahudawa, in suka faɗi wani abu daban shi kenan an koma kai kaɗai ne za ka iya kare kanka, kuma kana Baitalami. Ga shi cocin Latin zai riƙa karanta abu daban da na cocin Girka. A wannan wasiƙar dai ya yaba masa aikin Linjila sosai, don wannan ana iya gwada shi da asali.

Faula ta rasu a Janairun 404. A shekarar ne Jerom ya zauna ya ba da cikakkiyar amsa, ya ce ɗan aiken ya matsa masa, kwana uku kacal ya samu yana faɗa ana rubutawa. Kan Galatiyawa ya jero malaman da ya bi, Orijen, Didimus, bishop ɗin Lawudikiya, Iskandar, Yusibiyus na Emesa, Tiyodor na Herakiliya, da Yohanna wanda bai daɗe da barin kujerar Kustantiniya ba, ya ce in kuskure na yi bar ni in yi shi tare da waɗannan, kai kawo mutum ɗaya da ya goyi bayanka. Sai ya juya ya kai hari inda Agustin bai rufe ba. Agustin ya ce Bulus da gaske ya riƙa kiyaye wasu al'adun Yahudawa bayan ya tuba, ba riya ba, Jerom ya ce to in haka ne Bayahuden da ya zama Kirista yau sai ya yi wa ɗansa kaciya ya kiyaye Asabar ke nan, ya ce wallahi in aka bi wannan ba su za su zama Kiristoci ba, mu za su mayar Yahudawa. Ya yi masa habaici, kai bishop ne da duniya ta sani, sai ka shelanta wannan ka jawo sauran bishop-bishop, ni ina 'yar bukkata da 'yan'uwana masu zunubi ban isa yanke manyan hukunci ba. Akwai kuma jimlar da a ganina ita ce zuciyar abin, inda ya roƙe shi kada ya tunzura masa jahilan jama'a waɗanda ke girmama shi don shi bishop ne yana wa'azi a coci, shi kuwa suna ganinsa tsohon da ya kusa ƙarewa a ƙauye. Tsoronsa ke nan, malami ba shi da mumbari, bishop na da shi.

Kan fassara ya mayar masa da hujjarsa. Ka ce abin da magabata suka fassara ko mai duhu ne ko bayyananne, in mai duhu ne ni ma zan iya kuskure, in bayyananne ne su ba su yi kuskure ba, to kai da ka yi sharhin Zabura bayan manyan malamai da yawa sun yi, wanne ne naka? Kan tsiron Yunana kuwa ya lura Agustin bai ma faɗi kalmar da aka yi rigima a kai ba, ya ce ka ɓoye don kada in kare kaina, amma na sani duman nan ne ya sake dawowa, don shekarun baya wani a Roma ya taɓa zarginsa da saɓo a kan haka. Tsohuwar fassara duma ta ce, shi ya sa hedera, wani tsiro mai hawa bango a ƙasashen Turai. Ya bayyana cewa abin da ke cikin Ibrananci wani tsiro ne mai faffaɗan ganye da ke girma da sauri yana tsayawa da ƙafarsa ba ya neman abin jingina, masana da yawa yau suna ganin zurma ce, ya ce Latin ba ta da sunansa, shi ya sa ya bi wasu masu fassarar Girkanci da suka gabace shi. Yahudawan Oya kuma ya ce ko ba su iya Ibrananci ba ko sun yi wa masu duma shaƙiyanci ne. Mai karatu Musulmi zai tuna cewa a suratus Saffat yaƙɗin aka ce, dangin duma da kabewa, wato da mutanen Oya za su ji da sun ce ai mun faɗa.

Ana wannan, wasiƙar ban haƙurin Agustin tana kan hanya, sun yi saɓani a teku. A ciki ya amsa cewa ya ɓata masa rai ya nemi gafara, amma ya shigo da zancen Rufinus, don Jerom ya aiko masa da kwafin raddin da ya yi wa mutumin. Ya ce abin ya girgiza shi, wane aboki ne ba za a ji tsoron ya zama maƙiyi gobe ba in har wannan zai iya faruwa tsakanin Jerom da Rufinus, ya ce da zai same su wuri ɗaya da ya faɗi a ƙafafunsu yana kuka. Ban haƙuri ne da gargaɗi a dunƙule. Bai yi tasiri kan zancen Rufinus ba, don ko da mutumin ya mutu a Sisili Jerom cewa ya yi an binne kunama. Amma game da Agustin, Jerom ya sauko, ya aiko 'yar takarda yana cewa a bar faɗan, mu yi wasa a filin Littafi ba tare da mun ji wa juna ciwo ba.

Agustin bai karɓi zancen wasa ba. A doguwar wasiƙarsa ta 405 ya ce shi da gaske yake so a yi. Ya ce littattafan da ke cikin Littafi Mai Tsarki su kaɗai ya ɗauka ba su da kuskure, in ya ga abin da ya yi kama da kuskure to ko mai kwafi ne, ko mai fassara, ko shi ne bai gane ba, sauran marubuta kuwa komai tsarkinsu sai sun gamsar da shi, kuma ba ya jin Jerom na so a karanta littattafansa kamar na annabawa. Malaman nan bakwai ya bi su ɗaya-ɗaya, ya ce huɗu kai da kanka ka soke su a wasu wurare, saura uku, ni kuma ga bishop Amburos na Milan ga bishop Sifiriyan na Kartaj, na ukun kuwa Bulus ne da kansa, wanda a wannan wasiƙar ta Galatiyawa ya rantse gaban Allah cewa abin da yake rubutawa ba ƙarya ba ne. Kan al'adun Yahudawa ya yarda bai fayyace ba, ya ce zamanin manzanni kawai yake nufi, ya kwatanta su da gawar iyaye da ake rakawa kabari da mutunci, ba a jefar wa karnuka, amma kuma wanda ya zo yanzu zai tono ta ya yi laifi. Ya ce ya gamsu fassara daga Ibrananci na da amfani, sai dai har yanzu ba ya so a karanta ta a coci a ruɗa mutane, kuma tunda kai ma ka ce tsiron ba hedera ba ne ba duma ba, a bar wa jama'a dumansu. Ya rufe da cewa a tsarin coci bishop na gaba da firist, amma a abubuwa da yawa Agustin na ƙasa da Jerom.

Babu amsar Jerom ga wannan a cikin abin da ya rage. Sai bayan shekara goma suka koma doguwar magana, kuma maƙiyi ɗaya ne ya haɗa su, Felajiyus, mai koyar da cewa mutum na iya zama ba zunubi in ya so. A 415 Agustin ya tura wani matashin firist ɗan Sifen, Orosiyus, da tambayoyi biyu, ɗaya kan asalin rai, inda abin da ke cinsa shi ne wahalar jarirai da ba su yi laifin komai ba, ɗaya kan ayar Yakubu mai cewa wanda ya karya doka ɗaya ya karya duka. Jerom ya yaba amma ya ƙi amsawa, ya ce lokaci ne mai wuya, kuma in 'yan bidi'a suka ga ra'ayinsu ya saɓa za su ce gaba ce. Fassararsa ta Sabtuwajinta da Agustin ya roƙa tun da ma ya ce ba zai iya aikowa ba, masu kwafin Latin sun yi ƙaranci a ƙasar kuma wani ya yi masa ha'incin babban ɓangare na aikin. Ka ga darasin da ya ɗauka daga rigimar farko, kada a sake saɓawa a rubuce.

A littafin da ya rubuta kan 'yan Felajiyus a wannan shekarar, yana neman nuna cewa ba wanda ya tsira daga laifi, sai ga shi ya kawo Bitrus a Antakiya a matsayin wanda ya cancanci tsawa da gaske. Bai ce na janye ba, bai ambaci tsohuwar gardamar ba, amma Agustin ya gani, har ya gaya wa wani Oshiyanus a wasiƙa cewa malam ya dawo kan ra'ayin shi Agustin. Ga Jerom ɗin kansa bai je yana goranta masa ba. A 416 wasu gungun mutane da aka danganta da magoya bayan Felajiyus suka far wa gidajen ibadar Baitalami, suka cinna wuta suka kashe dikin ɗaya. A 418 Jerom na rubuta wa Agustin cewa masu bin sahihiyar hanya na girmama shi a matsayin wanda ya sake kafa tsohuwar bangaskiya, kuma abin da ya fi wannan daraja, duk 'yan bidi'a sun tsane ka, ni ma haka suke tsanata. Yabon Jerom ke nan, ko a yabo sai an ambaci maƙiya. Jerom ya rasu a 420, Agustin kuma ya riƙe tambayoyin nan biyu bai fitar da su ga jama'a ba sai bayan rasuwar, yana jiran ko amsa za ta zo ya haɗa su, wannan karon ya kula da inda takardarsa ke zuwa.

Kan Galatiyawa cocin yamma bayan Agustin ya bi. Kan fassara kuwa aikin Jerom ne ya ci gari sannu a hankali cikin ƙarnoni, shi ne ƙashin bayan Bulgata, wato Littafi Mai Tsarki na Latin, wadda babban taron cocin Katolika na Tirent ya tabbatar a 1546, da hederarsa a cikin Yunana da komai. Amma Zabura ta ƙi. Jerom ya fassara ta daga Ibrananci ita ma, sai dai wadda ta zauna a Bulgata ake rerawa a coci ita ce wadda ya gyara tun farko daga Girkanci, saboda ita bakin masu ibada ya saba da ita kullum safe da yamma.